Harshen Kuba

Tsohuwa ta ƙi zama. Kujera uku aka miƙo mata, ta ture.

"Daga asibiti na dawo, Sufeto. Takardun gidan nan, da ke ƙarƙashin katifata, babu su!"

"Baba, mantawa kika yi ba ki kulle ba," in ji babban ɗanta. "Ranka ya daɗe, tsufa ne. Shi ya sa nake so ta koma wurina."

"Rufe min baki! Sau biyu na murɗa makulli, ƙas, ƙas. Kunnena bai tsufa ba."

Ta san in aka yarda da shi, yau za a kwashe ta daga gidan mijinta.

Sufeto ya duba ƙofar. Ba ɓalli, ba tsaga. Kuba ce irin wadda ake fafe cikin katako a cusa, hannu da ramin makulli kawai ke waje.

Ya buɗe ƙofar, ya ce ta murɗa. Ƙas, ƙas.

"Harshe biyu gare ta," in ji shi. "Na sama hannu ke janye shi. Na ƙasa, mai kauri, shi makulli ke turawa cikin ramin firem ɗin ƙofa. Dubi naki."

Ta sunkuya. Da ƙyar harshen ya leƙo, bakinsa na ƙyalli da sabon sawun zarto.

"Kullewa kike, amma ba ya kai wa rami. Kowa ya danna hannu ya shiga. Wa ya taɓa ta?"

"Kafinta, makon jiya."

Aka kawo kafinta, yana ta goge gumi.

"Mai kawai na ɗiga mata."

"Mai ne ya goge kan sukurorin da ke riƙe kubar? Ba a yanka harshen nan sai an zaro kubar daga cikin ƙofa."

"Ni... sa ni aka yi."

"Wa?"

Kafinta ya kalli ɗan. Ɗan ya kalli takalminsa.

"Baba, mai saye na samu. Ke kaɗai, ɗaki biyar..."

"Shi ne za ka mai da ni mahaukaciya a gaban mutane?"

A motar ɗan aka sami takardun. Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa wa ɗan da kafintan ankwa.

"Sufeto, a ɗan sassauta..." ta fara, sai ta haɗiye maganar. Ta karɓi takardunta ta cusa a zani.

"Ku tafi da shi. A turo min wani kafintan, ina tsaye a kansa."