Furen Albasa a Ɗakin Rufaida

A bakin kanal ɗin da ya ratsa tsakanin Kura da Bunkure Taufiq ya fara ganin Rufaida, amma ni Hammadu, tsohon maƙwabcinsa, na riga shi sanin ya kamu. Na ga farin da ya cinye shanun garinmu, na binne sa'o'ina kaf, idon saurayi ba zai ɓoye mini komai ba.

Tana tsugune tana tsinkar wani ɗan fure shuɗi. Ya jingine kekensa.

"Malama, ciyawa ce fa."

"Na sani. Irinsa Innata take sawa a kwalba a bakin taga, kafin ta rasu."

Shi ma maraya ne. Sai ya tsuguna ya taya ta tsinka.

Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, sai an hau gada ake samun sabis. Ni ban yi boko ba, amma duk saƙon da ya shigo sai ya karanta mini, kunnena kuwa ba ya zubar da magana.

"Manomina, ba ruwana da yawan akwati. Ranar da za a kai ni ina son fure mai rai a ɗakina, ko na ji kamar Inna ta raka ni."

"Furena, kafin ruwan farko ya sauka za ki gani. Da hannuna zan shuka."

Ya shiga Kano ya sayo iri, ya ware gefen gonar da ubansa ya bar masa, kusa da albasar da yake bari ta yi fure don iri. Wannan albasa ita ce gadonsa, duk yankin babu mai jure ajiya kamarta.

Malam Isma'ila, uban Rufaida, da ya ji sai ya ɗaure fuska.

"Ruwan da muke bin layi a kansa, shi kake ba abin da ba a ci? Haka za ka ciyar da 'yata?"

Ga kuma Abuzar mai injin casar shinkafa, kullum yana ƙofar gida da sabon babur. Har furen roba ya kawo mata cikin leda. Ta karɓa don kunya, ta tura ƙarƙashin gado.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da Taufiq. Abokansa suka yi masa gayya, suka shiga gonar da fartanya. Ba wanda ya taɓa ganin tsiron fure a cikinsu. Suka share shi tas a matsayin ciyawa, har suka zo suna cewa sun gyara masa wurin da ya fi ƙazanta.

Abuzar ya kai wa Rufaida labarin da ɗuminsa, ya ce yaron ya yi hankali, tumatir zai dasa. Saƙo ya shigo.

"An ce ka share su. Da bakinka ka gaya mini, da ya fi mini sauƙi."

Taufiq ya rubuta amsa ya goge, ya sake ya goge. Me zai ce? An kusa rufe kanal don a yashe shi, ba sauran lokacin wata shuka. Kuma ya ji iyayen Abuzar suna shirin kai gaisuwa.

Da hantsi na hango shi cikin albasar irin nan, fararen kawunanta sun buɗe, yana yanka da wuƙa yana zubawa a kwando. Nan na nufi gidan Malam Isma'ila. Ba kowa ke iya taso shi daga tabarma ba, amma ni tare da ubansa muka yi kiwo.

Ya biyo ni, ya tsaya a bakin fangalin albasar yana kallo.

"Kai yaro, ka san abin da kake yankewa?"

"Irin Babana ne, Baba."

"Baɗi me za ka shuka?"

"Ban sani ba. Na yi mata alkawari. Ko ɗakin wani za a kai ta, a sa mata wannan."

Malam Isma'ila ya dubi kwandon. Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauya.

"Uwarta ta sha roƙona ɗan gefen fangali ta shuka fure. Kullum in ce baɗi. Har aka kai ta makwancinta."

Ya miƙa hannu ya karɓi wuƙar.

"Bar sauran su nuna. Waɗannan da ka yanka, za su kai yaushe?"

"In an tsoma su a ruwa, Juma'a."

"To, in yarinya ta yarda, Juma'a za a ɗaura."

Muna hawa gada a hanyar komawa, wayar Taufiq ta yi ƙara. Ashe ƙanwar Rufaida ta bi bayanmu, ta koma ta faɗa mata.

"Manomina, ka yafe mini. Na yarda tun ranar bakin kanal."

Aka ɗaura aure cikin zafin bazara, hadari na haɗuwa yana watsewa. Ba a yi wani shagali ba. Fiye da rabin irinsa ya tafi, kowa ya san shekara mai zuwa za ta yi musu tsanani.

Mata masu kai amarya suka riƙa toshe hanci, wai ɗaki sai warin albasa. Rufaida ba ta ji su ba. Ta ɗauki kwalbar Innarta, wadda ta ɓoye tun ranar rasuwa, ta cika ta da fararen kawunan nan, ta ajiye a bakin taga. Ta daɗe a tsaye tana kuka.

"Furena, warin ne?" in ji Taufiq.

"A'a. Inna ta zo."

Na halarci aure ba adadi, na rayu na ga 'ya'yan wasu sun yi furfura, amma wannan kaɗai ya sa na juya baya na share ido. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya sa albarka a gidan Taufiq da Rufaida, ya mayar masa da irinsa ninki.