Gaisuwar Da Ta Gagari Dattijo Dogara

Keziya tana tsakar gida tana tsince wake, amma kunnenta na zaure, inda Irmiya ya zo tun daga Safana a babur don ya gaida mahaifinta. Shekara biyu ke nan suna son juna, sa rana kawai ta rage.

Mahaifin nata, Dattijo Dogara, shi ne babba a 'yar cocin ƙauyensu da ke kusa da Wagini. Mutumin kirki ne, sai dai in ya kafe a kan magana ko jakinsa bai kai shi taurin kai ba. Ranar kuwa ya ji a rediyo cewa coci-coci a ƙasashen waje suna ta rabuwa a kan maganar maza masu son maza, wannan ya kawo aya, wancan ya kawo fassara. Sai ya ga ai ga damar gwada yaron nan da ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki.

"Kai mi ka ce a kai?"

Irmiya ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, littafi ɗaya suke karantawa dukansu. Gardamar a kan yadda ake karanta shi ne: wa aka rubuta wa, yaushe, cikin wace al'ada. Ni ban ƙoshi da karatu ba balle in yanke hukunci, kuma ko ma mene ne, mutane ne, bai kamata a zage su ba. Fahimtar wata ayar ya danganta—"

"Ya danganta!" Dattijo ya miƙe har hularsa ta faɗi. "A zaurena kake cewa Maganar Allah ta danganta? Abin da aka rubuta shi za a yi, harafi da harafi! Tada babur ɗinka. Ba ni ba ka ɗiyata!"

Tiren wake ya suɓuce daga hannun Keziya, kaji suka yi biki.

Mako uku yarinyar nan tana kuka. Ta rame, ta daina waƙa a coci, tuwo ma sai an yi da gaske. Irmiya yana bugo waya yana cewa, "Sori, Keziya, bakina ne ya ja mana." Ita kuma ta riƙe zanen mahaifiyarta tana, "Filis, Inna, ki yi wani abu, wallahi shi nake so!"

Inna Laraba ba mai hayaniya ba ce. Aji uku ta yi a makaranta, amma a zumuntar mata babu wadda ta kai ta sanin inda kowace aya take kwance. Ta ce, "Yi haƙuri, kar ki yi wa ubanki rashin kunya. Bari Lahadi ta zo."

Ran Lahadi bayan sujada, Baba Jinjiri ya biyo gaisuwa kamar yadda ya saba. Tsoho ne mai haƙora uku, dukansu jajaye saboda goro, kuma shi da Dattijo tun suna samari suke tsokanar juna. Suna zaune a zaure Inna Laraba ta shigo da Littafi a buɗe, ta durƙusa.

"Baban Keziya, idona ya yi rauni. Karanta mani nan."

Dattijo ya gyara murya, don yana son a ji karatunsa. Ya karanta da ƙarfi, tiryan-tiryan, har ya kai wurin da aka umarci masu bi su gai da juna da sumba mai tsarki. Nan muryarsa ta fara sauka.

"To," in ji Inna Laraba, "harafi da harafi ka ce. Ga ɗan'uwanka a zaune, ban ga kun gaisa ba."

Baba Jinjiri ya tofar da goro, ya goge baki da hannun riga, ya buɗe hannuwa, ya turo leɓe. "Zo nan, Dogara. Shekara arba'in muna saɓa wa Littafi!"

"Kai! Jinjiri, kar ka matso!" Dattijo ya ja da baya har ya taka buta. "Laraba, ai wannan gaisuwar mutanen wancan zamani ce! Al'adarsu ce! Mu nan hannu muke ba juna. Ai irin wannan ya... ya..."

"Ya mi?"

Ya dubi ƙasa. Da ƙyar aka ji shi ya ce, "Ya danganta."

Baba Jinjiri ya yi dariya har ya kwanta a tabarma. Dattijo ya murtuke fuska ya ce, "Ban fa ce na bi mutanen waje ba."

"Shi ma yaron bai ce ba," in ji Inna Laraba a hankali. "Cewa ya yi bai gama karatu ba, kuma kar a zagi mutane. Kai ne ba ka bari ya ƙarasa ba. Dubi ɗiyarka."

Keziya na raɓe a bakin ƙofa, idanu sun kumbura, wuya ya fito. Sai a lokacin ya lura da yadda ta lalace, kunya da tausayi suka kama shi.

"Keziya, na zalunce ki. Buga masa waya."

Kafin la'asar babur ya tsaya a ƙofar gida. Irmiya ya shigo ya zube yana gaisuwa. Dattijo ya miƙa masa hannu daga can nesa, ya ce, "Hannu kawai, yaro! Bayan an cire gero za a ɗaura aure."

Keziya ta fashe da kuka, amma wannan karon tana dariya. Haƙurinta ya kai ta ga wanda take so, mahaifinta kuma ya koyi cewa kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka bari ya kai ƙarshen maganarsa.