Gwajin Jinin Atikatu

Atikatu na tsakar gida tana feraye doya, sai ta ji ƙarar kwanoni daga ɗakinta. Surukarta ce, Mma, ke ɗura mata kaya a buhu.

"Mma, lafiya?"

"Lafiya lau. Lorin Bawku, garinku, ba ya jiran mutum. Tunda aka kawo ki Salaga ko ɓari babu, ga dokta ya ce ƙwai ya kusa ƙarewa. Me ya rage?"

Atikatu ta saki wuƙa, hawaye shar.

Ana haka sai ga mijinta Mikaila daga kasuwar doya. Ya dubi uwa, ya dubi mata, ya je ya zauna daram a kan buhun.

"To, a ɗaure har da ni, Mma. A faɗa wa direba akwai lodi mai cin tuwo."

"Tashi, marar kunya!"

Bai tashi ba sai da Mma ta yarda su koma Kumasi, inda aka yi gwajin, su ji da kunnensu.

Dokta ya zaunar da su ya yi bayani. Akwai wani sinadari a jinin mace, homon, mai zuga ƙwai ya nuna. In ƙwai ya yi ƙaranci, sai homon ya yi yawa. Amma a tsakiyar wata ma yakan hau da kansa, shi ya sa ake ɗibar jinin rana ta uku da fara al'ada.

"Haka kika yi ko, madam?"

Atikatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Dokta... yaya zan shigo gaban namiji ba tsarki? Sai da na gama, na yi wanka, na kama salla, sannan na ƙirga ukun."

Mikaila ya riƙe ciki don dariya.

"Atika, kin je ba da jini ne ko kin je Idi?"

Ta mintsine shi, tana kuka tana dariya.

Da wata ya zagayo aka sake tes ɗin a ranarsa, rizal ya fito daidai. Dokta ya ce gwaji ba alkawarin ciki ba ne, amma ƙwai na nan, su bi magani su yi haƙuri.

Bayan damina biyu aka yi suna a gidan, 'yan'uwa har daga Yendi. Mma ta ƙanƙame jaririyar, Memuna, ta hana kowa.

"Mma, ina buhun nan?" in ji Mikaila. "Lorin Bawku fa ba ya jira."

"Na zuba gawayi a ciki. Atikatu, 'yata, zo ki sha koko, rabu da wannan."

'Yan'uwa mata, kunya ado ce, amma a gaban likita a tambaya, a yi yadda ya ce. Iyaye kuma, kada a ɗaure wa 'yar mutane kaya kan gwaji guda.