Ruwan Rijiyar Inna

Ranar da Auta ta je duba jikin Inna, mahaifiyar Dogo saurayinta, ta yi niyyar ko ɗaga kai ba za ta yi ba, don magana ta riga ta je gaban manya, rana kawai ya rage a sa. Tana zaune a gefen tabarma Inna ta sa aka janyo ruwa a rijiyar tsakar gida, ta miƙa mata da hannunta.

"Sha, 'yata. Marigayi ne ya haƙa ta, duk unguwar nan a nan ake ɗiba. Ko firij bai fi ta sanyi ba."

Auta ta karɓa da hannu biyu, ta ajiye a gabanta. Sai ga Lele, jikar Inna da ba a daɗe da yaye ta ba, ta taho dagwai-dagwai ta ɗauki kofin ta kai baki. Auta ba ta san lokacin da ta fizge shi ba. Ruwa ya malale a kan tabarma, yarinya ta callara kuka.

"Ikon Allah!" in ji Inna. "Rijiya ta bayar, guga ya hana! Ke ba ki sha ba, kin kuma hana jikata?"

Ba ƙyanƙyami ba ne ya sa Auta yin haka. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karanta kimiyyar muhalli, aikin kammalawarta kuwa auna ruwan rijiyoyin unguwanni ne. Dogo da kansa ya kawo mata kwalba daga gidansu, yana cika baki wai ta gwada ta ga ruwa na gaske. Da aka gwada sai ga gubar dalma. Ta sake, malamarta ma ta sake, magana ɗaya ce. Dalili kuwa ba nesa yake ba: a bayan katangar rijiyar yayan Dogo, uban Lele, yake farfasa tsofaffin batiran mota, yana tsiyaye ruwansu a wani rami. Ta faɗa wa Dogo tun a lokacin, ya ce don Allah ta rufa masa asiri, shi zai san yadda zai ɓullo wa Inna. Har ranar nan bai ɓullo ba.

"Ki yi haƙuri, Inna," in ji Auta. "Ruwan nan akwai guba a ciki. Ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano, tafasawa ma ba ta fitar da ita. Yara ta fi yi wa illa."

"Guba? A rijiyar marigayi?"

Hayaniyar ce ta shigo da yayan Dogo, hannunsa baƙi ƙirin da aiki. Da ya ji an ambaci batir sai ya hau sama.

"Wato sana'ata ce guba! Da ita na biya wa wannan dogon banzan makaranta, yau an kawo mana 'yar boko za ta koya mana shan ruwa!"

Auta ta juya wajen Dogo, wanda yake tsaye a bakin ƙofa.

"Ka faɗa musu mana! Ai ka ga sakamakon da idonka!"

Dogo ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Ni... gaskiya ban gama fahimtar abin ba tukuna."

Kai jama'a! Ƙato guda, malamin makaranta da yake tsayawa gaban allo yana koya wa yara faɗin gaskiya, wai bai fahimta ba! Zagin yayan bai yi wa Auta ciwo kamar wannan kalmar ba. Ta ja mayafinta ta fita, hawaye na zuba.

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Inna ta aiko cewa a dakata da maganar sa rana sai yarinya ta koyi ladabi. Umman Auta tana tsakar gida tana tafa hannu.

"Auta, kin kashe ni! Wa ya aike ki? Gobe ki koma ki ce na'urarku ce ta yi kuskure."

"Umma, fizge kofi a gaban babba laifi ne, zan ba da haƙuri a kansa. Amma wallahi ba zan ce ruwan nan lafiyayye ba ne."

"To ki auri digirin naki!"

Da yamma Dogo ya bugo waya yana wani sassauta murya.

"Haba Auta, sori mana. Ki bari a ɗaura aure, in kin shigo sai mu lallaɓa su."

"Kafin nan Lele ta ci gaba da sha ke nan? Kai fa tun ranar da na faɗa maka ruwan leda kake saya, na lura! Ka tsare cikinka, ka bar jaririya da uwar da ta haife ka. Ina sonka, Allah ya sani, amma kada ka sake kirana sai an rufe rijiyar nan."

Ta kashe wayar, ta kifa kai a kan littattafanta ta yi kuka mai isarta.

Daga nan sai zaman haƙuri. A unguwa aka sa mata suna Mai Awon Ruwa, in ta wuce a bushe da dariya. Ba ta tanka wa kowa ba, daga lakca sai ɗakin gwaji sai gida. Dogo bai kira ba, ita ma ta danne zuciyarta, ko da yake wayar tana yin ƙara sai ta zabura.

Wata rana tana fitowa daga lakca ta tarar da uwar Lele, matar yayan Dogo, a bakin ƙofar jami'a, goye da yarinyar.

"Ƙanwata, ba wanda ya san na zo. Kullum ciwon ciki, ba ta cin abinci, dubi yadda ta ɗashe. Mun sha maganin tsutsa har mun gaji."

"Ki kai ta asibiti yau, Anti. Ki ce a duba dalma a jininta. Har yanzu ruwan take sha?"

"Ina! Ba ki ji ba? Washegarin zuwanki Dogo ya sa wa murfin rijiyar kwaɗo, ya hana kowa makulli. Yayansa ya kwaɗa masa mari a gaban mutane, bai rama ba, bai kuma buɗe ba. Kullum kafin ya tafi makaranta shi yake turo jarkoki daga famfon bakin titi. Inna ko gaisuwarsa ba ta amsawa."

"To me ya hana shi kirana?"

"Ya ce kwaɗo ba rufewa ba ne. Sai Inna ta yarda da bakinta."

Auta ta juya baya da sauri don kada matar ta ga idonta.

Gwajin asibiti ya nuna dalmar. Likita ya ce an yi sa'a an zo da wuri kuma an daina sha, ya ɗora yarinyar a kan magani. Yayan Dogo ya kwashe batiransa ya kai wajen da hukuma ta keɓe, ya kira magina suka toshe rijiyar da siminti.

Ba a jima ba, wata safiya, aka yi sallama a gidan su Auta. Inna ce da kanta, Dogo na biye da ita, tafin hannunsa duk kanta. Ta zauna, sai hawaye ya zubo mata.

"Da hannuna nake ba Lele, 'yata. Kullum da hannuna. Ke kaɗai kika fizge."

Gaskiya ɗaci gare ta, amma wanda ya ɓoye maka ita don kada ranka ya ɓaci ba masoyinka ba ne, mai haƙuri a kanta kuwa ba ya taɓewa. Umma da ta ce a auri digiri, ita ce ta fara share ido da gefen zane.

Inna ta buɗe jakarta ta fito da wata kwalba cike da ruwa, ta miƙa wa Auta da hannu biyu.

"Na famfon da muka ja ne. Ki kai makarantarku a auna. In kin ce ya yi, shi za ki sha a gidana."