Gishiri da Takalmin Tsoho

A can wani gari an yi wani tsoho mai zafin rai, mai son gishiri kamar ransa. Ko an sa a miya sai ya ƙara barbaɗawa.

Matarsa ta ce, "Malam, gishirin nan zai yi maka illa."

Ya daka mata tsawa, "Bakinki ne ko nawa?"

Ba a daɗe ba ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Ya je wurin baduku yana huci, "Ka cuce ni, ka rage fata!" Baduku ya ɗinka masa babba. Shi ma ya matse. "Ka cuce ni, ka rage fata!" Aka ɗinka wanda ya fi.

Ran nan jiri ya kwashe shi, ya kwanta jinya. Miya lami matarsa ke ba shi, yana ci yana masifa.

Da ya warware, ya zura babban takalmin, ya ji ya yi masa yawa. Ya buɗe baki zai ce an cuce shi, sai matar ta ajiye masa takalminsa na farko. Ya shige daidai.

Tsoho ya harari ƙwaryar gishiri, ya yi tsaki, ya ce, "Kawar min da ita!"