Amanar da ke Cikin Firij

Ranar kasuwar Faskari Shafa'atu ta shigo shagon Kamilu rungume da kular ƙanƙara, hankalinta a tashe. Shi ne mai yi wa shanu rigakafi, kuma shi kaɗai ke da firij mai sola a unguwar.

"Don Allah, Malam, ajiya zan ba ka."

Ta fito da 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. An shiga yajin aiki a jami'arsu, an yanke wutar ɗakin bincike.

"Antibodi ne," in ji ta. "Akwai wani sinadari, kinas, da ke sa ƙwayoyin jiki su girma. In ya zarce, shi ne ciwon daji. Wannan ke manne masa mu gan shi. In ya ji zahi, karatuna ya mutu."

Ciwon ne ya ɗauke mahaifiyarta Sa'adiya. Kamilu dai bai gane rabin bayanin ba, idanunta yake kallo.

Kullum sai ta leƙo duba kwalba. Kwalbar kuwa lafiyarta ƙalau, masu dubawar ne suka kamu.

Barau, ɗan kawunta da ya daɗe yana sonta, ya kai zance gida. Mahaifinta Alhaji Nata'ala ya fusata.

"Ɗiyata da mai allurar shanu? Kada ki sake taka shagon nan!"

Sai damina ta yi nauyi, hadari ya rufe rana. Saƙon Kamilu ya shigo: "Hasken idona, batirin firij na mutuwa."

Ta kira shi har ta gaji, wayar a kashe. Barau ya yi dariya, ya ce ai ya rufe shago ya gudu. Shafa'atu ta kasa cin abinci. Tsoro biyu ne ya cika ta, na kwalbar da na Kamilu, in har ya bi hanyar da kowa ya san haɗarinta.

Washegari saƙo ya zo: "Ina Funtuwa, kwalbarki na firijin abokina. Na iso a jiƙe, ita ta iso da sanyinta."

Da aka koma makaranta ta yi gwajin. In antibodin bai lalace ba, baƙin layi zai fito a hoton gwajin. Ta jira kamar ranta zai fita. Ya fito.

Ta kawo wa mahaifinta hoton, ta faɗa masa komai. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wannan shi ne abin da ya kashe Sa'adiya?"

"Shi muke nema, Baba."

Ya share ido. "Yaron ya turo magabatansa. Wanda ya riƙe wagga amana zai riƙe min ke."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.