Garin Haƙori a Ƙugun Tsahara

Da Dakta Saudatu ta sake buɗe ƙugun Inna Tsahara, 'yar Tsibiri, sai ta tarar simintin da ta liƙe ƙarfe da ƙashi da shi bara ya ruɓushe. Ɓarɓashinsa ya shiga tsakanin ƙwallon ƙarfen da aka sa mata a gaɓar da mazauninsa, yana ta gurzar su kamar tsakuwa a dutsen niƙa. Mai kilinik ɗin ya ce sakaci ne, ya dakatar da Saudatu daga aiki. Ita kuwa ta nufi komisariyar 'yan sandan Maraɗi ta kai ƙara.

Ɗan sandan da aka ba binciken, Inusa, mutum ne mai shegen son tambaya.

"Dakta, siminti na cinyewa haka?"

"Yana cinyewa, amma a hankali, cikin shekaru. Kuma na gaske yana fitowa fari a radiyo, wato hoton ƙashi. Wanga bai fito ba. Na ga hakan bara, na ɗauka injin ne ya gaji."

"To mi ne ne aka sa mata?"

"Roba ce dai, dangin tamu. Ai simintin ƙashi ma roba ne."

Inusa ya fara da Salima, mai dama garin simintin da ruwan maganinsa a ɗakin fiɗa. Ta ce a liƙe ake kawo mata fakiti, a gaban kowa take yage shi, kuma mutum uku sun shaida. Ɗan kasuwar da ke kawo kayan ya buɗe nasa kwalin, aka dama, aka ɗauki hoto, ya fito fari tas.

Saura mai tsaron magaza, ɗakin ajiyar kaya, Idirisa. Yana amsa tambayoyi yana murmushi, sai wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce, "Wawulo, ba ni makulli."

Inusa ya dubi bakinsa. Haƙora reras, ba giɓi ko ɗaya.

"Mi ya sa suke ce maka Wawulo?"

"Tsohon suna ne, ranka shi daɗe. Bara na sa haƙora a Jiratawa."

Wannan "bara" ta tsaya wa Inusa a rai. Ya hau kabu-kabu sai Jiratawa, wurin Ɗan'auta mai haɗa haƙoran roba.

"Na san shi sarai," in ji Ɗan'auta. "Haƙora na sa mishi, ya ga ina dama gari, ya ce kamar na wurin aikinsu. Tun ran nan yake saye. Ni har na zaci sana'ar zai ƙwace mini."

A magaza aka sami injin liƙe leda a bayan kwalaye. A gaban Saudatu da Idirisa, Inusa ya yi wa mai kilinik bayani: Idirisa na zazzage garin gaske ya sayar a ƙetaren iyaka, ya cika fakitin da na haƙori, wanda ba ya fitowa a hoto kuma ba ya jure nauyin mutum, sannan ya sake liƙe shi.

Mai kilinik ya ba Saudatu haƙuri, ya ce ta koma aikinta. Ba ta ko dube shi ba. Idirisa ta fuskanta.

"Fakiti nawa ka musanya?"

Ya sunkuyar da kai. "Duka, Dakta."

Ta ɗauki waya, ta fara kiran mutanen da ta yi wa aiki tun bara.